Yadda Ake Zaɓen Kamshaf da Hanyar Shigar Iska ga Motar da Ke Yawo a Titunan Legas

Kafin mutum ya nufi kasuwar Ladipo da ke Mushin neman kayan ƙara wa injinsa ƙarfi, ya kamata ya lura da inda allurar juyin injin ke tsayawa a tuƙinsa na yau da kullum. Wanda ke tasowa daga Agege zuwa Obalende ta gadar Third Mainland yakan shafe mafi yawan tafiyarsa a gosulo, injin bai wuce juyi 3,000 a minti ba, don haka a wannan zangon yake bukatar ƙarfi.

Kamshaf sanda ce mai ƙullutu a cikin injin, shi ke buɗe bawul, wato ƙofar shigar iska ko fitar hayaƙi, ya rufe, kuma abubuwa uku ake dubawa a jikinsa: tsawon lokacin da bawul yake a buɗe, wanda ake aunawa da digiri, da zurfin buɗewar, da tazarar da ke tsakanin ƙullutun shigar iska da na fitar hayaƙi. Idan lokacin buɗewar ya yi tsawo, ƙarfin injin yakan koma can manyan juyi, ƙananan juyi kuma su yi sanyi, sulo ya riƙa rawa, zuƙar iskar da burki ke dogara da ita ta ragu. Wannan rawar ce ke burge matasa, amma direban da ya kunna eyasi a cunkoson titin Ikorodu ba zai ji daɗinta ba. A injin V8 na titi, wato mai silinda takwas, lokacin buɗewa na digiri 205 zuwa 220 idan aka auna daga sanda bawul ya ɗaga inci 0.050, da tazarar digiri 112 zuwa 114, sun wadatar. Duk wanda ya ƙara zurfin buɗewa wajibi ne makanikensa ya canza sifirin ɗin bawul, ya kuma auna tazarar bawul da fistan, domin haɗuwarsu asarar injin ce. Motocin Toyota masu VVT-i da Honda masu VTEC kuwa tuni suke sauya aikin bawul da kansu, saboda haka sabon kamshaf ba zai yi musu amfani ba sai an sake saita kwamfutar motar.

Manifol, wato bututun da ke rarraba iska zuwa silindojin injin, dole ya dace da kamshaf. Mai dogayen bututu yana ba da ƙarfi a ƙananan juyi, mai gajeru kuma sai an taka totur sosai yake farkawa, kuma na farkon shi ya fi dacewa da cikin gari.

Matsalar da ta fi shafar Legas ita ce wurin da aka dasa filtar iska. Iska mai sanyi ta fi nauyi, shi ya sa ake saukar da bakin bututun kusa da bamba, sai dai da damina ruwa kan kwanta a Lekki da Victoria Island, kuma idan silinda ta sha ruwa, da yake ruwa ba ya matsuwa, sandar fistan ce ke lanƙwashewa. Gara a bar filtar a sama cikin akwati mai kare ta daga zafin injin, a riƙa duba ta idan ƙurar hunturu ta sauko.