Yadda ake fara sabon lambu a Kaduna: rainon iri a tsakar gida kafin a kai fadama

Shekarar da na fara lambu, wani dattijo ne ya ba ni aron ɗan fili a fadama, gefen Kogin Kaduna. Ɗoki ya sa na ɗauko 'yan ƙwadago suka share shi tas cikin kwana biyu, na sayo irin tumatir na watsa a kusurwa ɗaya, wai nan ne wurin raino. Ruwan ƙarshen Satumba ya zo cikin dare ya kwashe rabi. Abin da ya rage kuma gyare ya yi ta yankewa ɗai-ɗai. Filin da na biya kuɗi aka share kuwa, kafin in samu abin dasawa, ciyawa ta sake rufe shi. Da dattijon ya zo dubawa, dariya ya yi, ya ce: "Malam, jariri ai a ɗaki ake rainonsa, ba a bakin kogi ba." Na ce: "Baba, na ji." Tun daga ranar, a tsakar gidana nake raino, sai dashe ya yi ƙwari nake kai shi fadama.

Kafin ka ɗaga fartanya

Fara da zagaya filin, sau biyu ko uku, a lokuta daban-daban na yini. Abin da za ka fara nema shi ne ruwa: daga ina yake zuwa, kuma zai kai ka watan Maris? Ramin da ke cike maƙil a Oktoba yana iya zama busasshen tabo a Fabrairu, daidai lokacin da tumatir ke ɗauke da 'ya'ya. Maƙwabtan filin ne za su gaya maka gaskiyar wannan, su kuma nuna maka inda ruwa yake tsayawa idan kogi ya yi ambaliya a Agusta da Satumba. Ka kuma duba ko ruwan na kogi ne ko rijiya, ko kuwa na magudanar da ta biyo ta bayan gidaje da masana'antu. Irin wannan na ƙarshe ba a shayar da latas da kabeji da shi, tunda ɗanyu ake cin su.

Sai maganar filin kansa. Aro ne ko haya, na rani ɗaya ne ko na shekara nawa, a faɗa a gaban shaidu, in da hali mai unguwa ya sani. Taki da gyaran ƙasa sai a shekara ta biyu suke biyan mai su, kada ka gyara fili wani ya gaje shi.

Damƙi ƙasar da danshi a hannunka. In ta dunƙule, ka taɓa ta da yatsa ta farfashe, ka dace. In ta maƙale kamar ta maginin tukwane, laka ta yi yawa, za ta buƙaci takin gargajiya da buntun shinkafa. In ta ƙi haɗuwa sam, yashi ne, ba ya riƙe ruwa, shi ma maganinsa taki.

Shawarata ga mai farawa: ka raba filin uku, ka yi aiki da kashi ɗaya kawai a karon farko. Fangali goma da ake kula da su sun fi talatin da ciyawa ta cinye.

Lissafin lokaci

A Kaduna damina tana ɗaukewa ne cikin Oktoba, hunturu ya biyo baya daga Nuwamba zuwa Fabrairu, zafi ya kankama a Maris da Afrilu. Tumatir da kabeji da latas da albasa sanyin hunturun nan suke so. Tumatir musamman, in zafi ya tsananta, furensa zubewa yake yi ba tare da ya ɗaura 'ya'ya ba. Saboda haka daga baya ake lissafi: in kana son ka yi dashe a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, ka zuba irin tumatir mako 3 zuwa 4 kafin nan. Kabeji yana son mako 4 zuwa 5. Attarugu da tattasai masu nawa ne, sukan ɗauki mako 6 ko fiye, albasa kuma mako 6 zuwa 8, don haka su ake fara zubawa tun cikin Satumba.

Ba komai ake raino ba. Karas da kuɓewa ba sa son a taɓa musu saiwa, kai tsaye ake shuka su a inda za su zauna. Alayyahu kuwa yafi ake yi, a gauraya irin da yashi don kada ya taru wuri ɗaya.

Iri

Nan ne mutane suka fi cutar kansu saboda neman araha. Na taɓa sayen iri a ƙulle cikin leda a wata kasuwa, mai shi ya rantse mini sabo ne, cikin ɗari ko ashirin ba su fito ba. Ka nemi wanda ke cikin gwangwani ko fakiti a rufe, mai kwanan wata a jiki, a shagon da ba a shanya kayansa a rana ba. Cikin irin tumatir da aka daɗe ana nomawa a Arewa akwai UC82B da Roma VF, kuma ana iya ajiye irinsu a sake shukawa baɗi. Na haibirid, wato waɗanda aka haɗa daga iri biyu daban-daban, sun fi tsada, sukan fi yabanya, amma in ka matse 'ya'yansu ka ajiye iri, abin da zai fito ba zai yi kama da uwarsa ba. Mai son ƙarin bayani kan irin da ya dace da ƙasarsa, ya tuntuɓi malaman gona na jiha, ko cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya.

Kada ka sayi da yawa. Giram ɗaya na irin tumatir yana da ƙwaya kusan 300, ya ishi ƙaramin lambu. Kafin ka zuba, gwada shi: ƙirga ƙwaya 20, naɗe a tsumma mai danshi, sa cikin leda, ajiye a ɗaki. Bayan mako ɗaya ka buɗe. In 16 ko fiye sun tsira, irin yana da kyau. In rabi ne, ka ninka yawan da za ka zuba. In bai kai rabi ba, mayar wa mai shi. Attarugu ka ba shi mako biyu kafin ka yanke masa hukunci.

Ƙasar raino da mazubi

Haɗin da nake yi: kwano biyu na baƙar ƙasa ta sama, kwano ɗaya na ruɓaɓɓen taki, kwano ɗaya na yashi. A tankaɗe da rariya a fitar da tsakuwa da tarkace. Takin dole ya zama wanda ya huce, ya yi baƙi, ba ya wari. Kashin shanu ana samunsa a wajen masu dabbobi irin na Zango da ke Tudun Wada, kashin kaji kuma a gidajen kaji na bayan gari, sai dai ɗanyen kashin kaji wuta ne, yana ƙone tsiro. A tara shi, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa, ya yi aƙalla wata ɗaya da rabi.

Akwai mataki ɗaya da yawancin mutane ke tsallakewa, ni kuma ba na wasa da shi: gasa ƙasar. Ka jiƙa haɗin kaɗan, ka zuba a rabin durom, ka rufe, ka hura wuta a ƙarƙashi har tururi ya ratsa ko'ina na kamar rabin awa, sannan ka bar shi ya kwana ya huce. Wannan yana kashe 'ya'yan ciyawa, da ƙwayoyin cutar da ke kayar da tsiro, da tsutsar nan da ba a gani da ido wadda ke sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle. Uwargida za ta yi ƙorafin itacen da ka ƙona, ka ba ta haƙuri da alkawarin tumatir.

Mazubi ba sai ka saya ba. Ledar fiya wata da aka yanke wa kai, tsohuwar roba ko baho da ya fashe, gwangwanin madara, buhun da aka naɗe bakinsa, duk suna yi. Sharaɗi ɗaya ne: a huda ƙasansu ruwa ya riƙa fita, zurfin ƙasa kuma ya kai tsawon yatsa, wato santimita 8 zuwa 10. Kiret ɗin ƙwai bai da zurfi, yana bushewa kafin azahar, ban ga amfaninsa ba sai ga latas. Akwai tiren roba mai ramuka da ake sayarwa a shagunan kayan gona, in aljihu ya yarda, ya fi sauƙin cirewa. Ni dai ledar fiya wata na fi so ga tumatir da attarugu, don kowane tsiro da ɗakinsa, ranar dashe a yage ledar kawai.

Zuba iri da kula da shi

Jiƙa ƙasar tun daren jiya. Da safe, a kowace leda ka yi rami da ɗan tsinke, zurfin santimita 1, ka sa ƙwaya biyu, ka rufe da ƙasa mai laushi. In baho ne, ka ja layuka, tsakaninsu faɗin yatsu huɗu, ka jera irin a tsanake maimakon watsawa. Nutsar da iri da yawa shi ne dalilin da ya sa wasu ke cewa irinsu ya mutu, alhali ya tsira ne ya kasa fitowa. Rubuta suna da kwanan wata a jikin kowane mazubi, domin tattasai da attarugu suna ƙanana ba mai iya bambance su.

Rufe saman da busasshiyar ciyawa ko tsohon buhun algarara. Daga kwana na huɗu ka riƙa ɗagawa kowace safiya kana leƙawa. Tumatir yakan fito cikin kwana 5 zuwa 8. Ranar da ka ga kan farko ya ɓullo, ranar za ka cire murfin gaba ɗaya. In ka ƙara kwana biyu, tsiron zai yi tsawo, ya yi fari fat, ya yi siriri kamar zare, kuma ba ya komawa daidai.

Inda za ka ajiye su yana da muhimmanci fiye da taki. Nemi gefen da ke samun hantsi sosai, amma rana ba ta dukansa da tsakar rana a makon farko. Ɗora su kan benci ko bulo, kada a ƙasa, kuma kada a ƙarƙashin indararo. A Satumba da farkon Oktoba ana iya tafka ruwa kowane lokaci, don haka ka tanadi leda ko kwano da za ka kifa a sama in hadari ya haɗo. Kaji, awaki da ƙadangaru kuwa, tsohon gidan sauro shi ne maganinsu. Ɗaura shi a kan sanduna ya rufe ko'ina har ƙasa. Yana kuma tare ɗan malam-buɗe-littafin da ke haifar da tsutsar da manoma ke kira sharon. Wanda ya ga abin da ta yi wa gonakin tumatir a jihar nan a 2016, har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, ba zai raina ta ba.

Ban ruwa da safe ake yi, da gwangwanin da aka hudawa ƙananan ramuka, ba a kwara da moɗa. Kafin ka ba su, tsoma yatsa. In akwai danshi, ƙyale su. Mai sabon raino ya fi kashe tsiro da yawan ruwa fiye da ƙishi. Alamar ita ce ka tashi da safe ka ga wasu sun kwanta, gindinsu ya tsuke ya yi ruwa-ruwa kamar an matse shi da farce. Cuta ce da danshi da cunkoso ke kawowa. Cire waɗanda suka faɗi tare da ƙasar gindinsu ka zubar nesa, tsayar da ruwa kwana ɗaya ko biyu, ka buɗe musu iska.

Idan ganyen gaskiya na farko ya fito, wato wanda ya biyo bayan 'yan kunnuwa biyu na fari, ka rage: a kowace leda bar mai ƙarfi guda ɗaya. Da wuya hannu ya yarda, amma biyu a rami ɗaya duk ragwaye suke tashi.

Gyaran fili a wannan tsakanin

Makonnin nan da iri ke girma a gida, su ne na aikin fadama. Kafce kashin da ka zaɓa da zurfin kamu ɗaya, ka tsince saiwar kiri-kiri da aya-aya da hannu. Sara su da fartanya ƙara musu yawa yake yi, kowane guntu sabon tsiro ne. Fitar da fangali mai faɗin mita ɗaya, yadda hannunka zai kai tsakiya ba tare da ka taka ba. Na rani ana yin sa ne da ɗan zurfi da gaɓa a kewaye don ya riƙe ruwa, na damina kuma a ɗaga shi sama. Zuba ruɓaɓɓen taki ka cuɗa, ka ba shi ruwa mako ɗaya kafin dashe, ciyawar da ta fito ka kankare ta. Shinge kada ya jira sai an dasa. Ko na kara ne, ko na ƙaya, ya riga dashe zuwa.

Ranar dashe

Mako ɗaya kafin ranar, fara horar da su: rage ruwa, cire inuwa, su sha rana yini guda. Dashen tumatir ya isa fita in ya yi ganye 4 zuwa 6, karansa ya yi kauri. Albasa kuma sai ta kusa kaurin fensir.

Shayar da su sosai da safe, ka jera a kwali ko baho, ka rufe da jiƙaƙƙen buhu don iskar hanya, musamman in a Keke Napep ko bayan babur za su. Bayan la'asar ake dashe, su samu sanyin dare su farfaɗo. Tumatir ana ba shi santimita 45 tsakanin tushe da tushe, 60 tsakanin layi da layi, kuma a nutsar da shi har kusa da ganyen ƙasa, domin karansa yana fitar da sabuwar saiwa. Attarugu da tattasai tazararsu kusan ɗaya da ta tumatir, amma a tsayar da su daidai zurfin da suke a leda. Kabeji santimita 45 zuwa 50, albasa 10 zuwa 15. Danne ƙasar gindin da yatsu, ka ba da ruwa nan take.

Washegari da rana za ka same su a kwance, kada hankalinka ya tashi, zuwa yamma za su miƙe. Takin zamani sai bayan mako biyu: cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na NPK 15:15:15 ga kowane tushe, a binne shi nesa da kara da faɗin yatsu huɗu, a bi da ruwa. Ka kuma bar kamar kashi ɗaya cikin goma na dashenka a gida, a ci gaba da shayar da su. Cikin makon farko gyare zai yanke wasu, rana ta kashe wasu, da waɗannan za ka cike gurbin tun kafin 'yan'uwansu su yi musu nisa.