Masu niyyar Agadas, ku dubi wata tukuna

Salam 'yan uwa, mai son tashi daga Tawa zuwa Agadas ko ya wuce har Timiya, don Allah ya bari sai Nuwamba zuwa Fabrairu. Rana da sauƙi lokacin, amma fa dare akwai sanyi na gaske, bara a tashar Abalak da asuba hannuna ya ƙi riƙe kofin shayi, saboda haka ku ɗauki bargo da rawani da man shafawa don hunturu na fasa leɓe. Afrilu da Mayu kam kar ku soma, zafi na wuce digiri 40. Agusta ruwan kori na yanke hanya, sai dai mai son bikin makiyaya na Ingal ya jira Satumba.