Kafin ka biya kuɗin gida mai rijiya da sokawe, tafi da tef da jarka

Gidan da nake ciki yanzu shi ne na uku da na taya a bayan garin Kano, kuma ba shi ya fi sauran kyau ba. Na farkon, wanda uwargida ta ƙwallafa rai a kansa saboda tayil da silin, na haƙura da shi ne ranar da na auna ƙafa 18 kacal tsakanin bakin rijiyarsa da shaddar maƙwabci. Har dillali ya ji haushi, ya ce, "Haba Malam, gida ka zo saya ko aikin safiyo?" Na ce masa duka biyun.

Sababbin unguwanninmu yawanci ba su san ruwan famfon gwamnati na Challawa ko na Tamburawa ba. Kowane gida da rijiyarsa ko burtsatsensa, da raminsa na ƙazanta, duk a cikin katanga ɗaya. Fenti da tayil kana iya sauyawa da guminka. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa, yadda ka same shi haka za ka zauna da shi.

Fara da zaɓen lokaci. Ruwa a bazara ake duba shi, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ya ja baya iyakar jansa. Rijiyar da ka leƙa a watan Satumba ka ga ruwa kamar ka sa hannu ka ɗiba, tana iya zama busasshen rami a Afrilu. Sokawe kuma a tsakiyar Agusta yake tona asirin kansa. Ba mai gidan da zai jira ka wata biyar, don haka wanda ka samu ka gani da ido, ɗayan ka nemi shaidu. Shaidun da na fi yarda da su 'yan garuwa ne. Tsayar da mai kura a bakin layi, ka sayi jarka ɗaya, ka tambaye shi ko yana kai ruwa gidan nan da rani. Ba shi da rabo a la'ada, zai gaya maka gaskiya. Haka na gano cewa gida na biyu, mai tanki biyu a sama, kura uku ake sauke masa kullum tun daga ƙarshen sanyi.

Kada cikakken tanki ya ruɗe ka, da motar ruwa ma ana cika shi ana gobe za ka zo. Ka je da man janaretonka, ka ce a tayar da sumo, wato injin da ke cikin burtsatse yana turo ruwa sama, a gabanka, a cire tiyo daga tanki a sake shi ƙasa. Tara jarka mai lita 25, ka duba agogo. Idan ta cika a minti ɗaya, tanki mai lita 1,000 zai ci minti 40. Bar injin ya yi ta aiki awa guda ko biyu, sannan ka sake aunawa. Wannan awo na biyu shi ne na gaskiya. Ƙasar Kano dutse ne a ƙarƙashi, ruwan kuma a tsagogin dutsen da ruɓaɓɓen samansa yake kwance, shi ya sa za ka ga gida yana ambaliya, na jikinsa yana tari. Burtsatsen da ya fara da ƙarfi, bayan minti 20 ya koma tofar da iska, ruwan da ya taru a bututu ya ba ka, idonsa ba shi da ƙarfi. Ka kuma tari bokiti ka ajiye ya kwanta. Yashi a gindin bokiti alama ce bututun ya fashe ko an yi ha'inci wajen zuba tsakuwa, kuma yashin nan shi ke cin sumo.

Yi lissafin gidanka. Mu goma ne, a lita 50 ga kowane mutum lita 500 ke nan a yini, jarka 20, ban da ranar wanki da baƙin suna. Tambayi zurfin ramin, shekarar da aka haƙa, wa ya haƙa, da ƙarfin sumon, domin idan kana da niyyar komawa sola sai ka san abin da za ta ɗauka.

In rijiyar guga ce, aikin ido ne. A ga an ɗaure ta da kankare har ƙasa ko kuwa gefenta na zubewa, bakin ya ɗaga sama da daɓen tsakar gida yadda ruwan wanke-wanke ba zai koma ciki ba, akwai murfi mai kulle saboda yara. Ɗanɗana ruwan, ka gwada shi da sabulu. Ruwan zartsi ba ya kumfa, kuma matan gida ba za su yafe maka ba. Kada ka yarda wani yaron unguwa ya shiga don ya duba maka. Wani dattijo mai yasar rijiya da na kira sai da ya zura fitila a igiya tukuna. Na ce, "Baba, da rana tsaka?" Ya ce, "Ɗana, in ta mutu a ƙasa, ni ma mutuwa zan yi." Iskar ƙasan tsohuwar rijiya takan ƙare ba tare da wani wari ba.

Yanzu ga inda tef yake aiki, kuma nan ne mutane suka fi sakaci. Ma'aikatan lafiya sukan ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin ƙazanta da wurin ɗiban ruwa, wato kusan ƙafa 100, kuma gindin ramin ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa. To fulotanmu fa? Hamsin ba hamsin, ko 50 ba 75, wanda ya yi sa'a 50 ba 100. A fuloti hamsin ba hamsin, ko daga kusurwa zuwa kusurwa ka ja tef ƙafa 70 da ɗoriya za ka samu. Ke nan yawancinmu ba mu cika ƙa'idar ba, kuma ba za mu iya ba. Abin da ya rage shi ne ka san iya kusancin, ka san wanne ne a tudu. Rijiya ta kasance a sama, rami a gangare. Kuma ba naka ramin kaɗai ba: maƙwabcin dama, na hagu, da na baya, kowa yakan manna sokawensa a jikin katanga, ruwan ƙasa kuma bai san iyaka ba. Yi sallama, ka gaisa, ka ce kai ne mai shirin zama maƙwabci, ka tambaya. Bututun iska da ke leƙowa ta saman katanga ma yana nuna maka inda ramin yake. Tambayi tsofaffin layin ko akwai tsohuwar shadda da aka binne, ko filin da can kududdufi ne aka cike da shara. Gidan da aka gina a kan kududdufi ni ko kyauta ban so.

Burtsatse mai zurfi wanda aka toshe wuyansa da siminti ya fi rijiyar guga tsira daga wannan, amma ba a rantsuwa a kansa. Ruwa garau, ba wari, yana iya ɗauke da taifot ko amai da gudawa. Saboda haka ka kai shi gwaji, a jami'a ko a hukumar ruwa. Su za su ba ka kwalbar da aka tsabtace, kada ka wanke gorar lemo ka ce ta isa. A bar ruwan ya zuba na 'yan mintoci, a cika, a sa a kula da ƙanƙara, a kai a ranar. Abu uku na roƙa a duba mini. Ƙwayar E. coli, wadda ba a so a ga ko ɗaya a mililita 100, don ganinta na nufin bayan gida na shiga ruwan. Sinadarin naitiret, kada ya wuce miligiram 50 a lita, shi ne mai illa ga jarirai, kuma tafasawa ba ta fitar da shi. Sai fuloraid, iyakarsa miligiram 1.5 a lita, mai rina haƙoran yara. Idan gidan na kusa da masana'antun jima na Challawa, Sharaɗa ko Bompai, ka ce a ƙara da gwajin ƙarafa irin su kuromiyam.

Sokawe kuma, abin da muke kira da suna ɗaya a ƙa'ida rami biyu ne. Na farko shafaffe ne da siminti ciki da gindi, nan ƙazanta take kwanciya ta ruɓe. Ruwan sama-sama ne kawai ke tsallakawa zuwa na biyun, mai bulo da ƙofofi, ƙasa ta shanye. Magina masu gina gida don sayarwa sukan haƙa guda ɗaya su rufe, shi ke nan. Ka sa a ɗaga murfin ka gani, daga nesa, ba sigari ba ashana, don iskar ciki tana kama wuta. In an shafe murfin da tayil har ba a san inda yake ba, wannan ma amsa ce. Zuba bokiti uku-uku a kowane banɗaki a jere. Ruwan da ya tsaya yana tunani, ko ya yi gurnani a ɗaya banɗakin, rami ya cika ko bututu ya toshe. Dubi gindin katanga ko akwai damshi da farin gishiri, dubi murfin kankaren ko ya tsage, musamman idan a kansa ake ajiye mota. Darbejiyar da ke ba da inuwa a kusa, saiwarta tana cikin ramin tuni.

Tambayi yaushe aka kwashe shi na ƙarshe. Ramin da aka yi daidai yakan kai shekara 3 zuwa 5. Wanda ake kwashewa duk damina ƙasarsa ta daina sha, sabon rami ne a gabanka, sai ka duba ko akwai filin haƙa shi. Ka kuma lura ko motar zuƙa za ta iya shiga lungun. In ba za ta iya ba, sai 'yan gidan-kowa-da-akwai da bokitansu cikin dare, da haƙurin maƙwabta.

Duk abin da ka gano, kuɗi ne a bakin ciniki. Ni na kira mai aikin famfo ya ƙiyasta sabon sumo da kwashe rami, aka zaftare daga farashin a gaban mai unguwa. A takardar ciniki na sa aka rubuta sumo, tanki da wayarsa suna cikin gida, don na taɓa ganin wanda ya tare ya tarar da rami babu inji. Idan gidan gado ne da aka raba, a fayyace rijiyar ta wa ce, da wanda ke da ikon ɗiba.

Abu ɗaya ne ban tambaya ba. Tsohon mai gidan ya fitar da famfo biyu ta jikin katanga, sadaka ga mahaifiyarsa. Washegarin tarewarmu, bayan sallar asuba, na buɗe ƙofa na tarar da jarkoki sun yi layi har kwana, wata tsohuwa tana cewa, "Alhaji, Allah ya sa albarka, yau ba a kunna ba?" Na koma ciki na tayar da janareto. Wata shida ina sayen mai, sannan na haɗa kuɗin sola. Yanzu ana buɗewa daga ƙarfe 10 zuwa azahar, a Afrilu kuma awa ɗaya kawai, don nan ne ƙarfin ramin ya tsaya.