Lambar Ɗanka Ba Taka Ba Ce: Gargaɗi ga Masu Sauka Amurka daga Kaduna

A Kaduna, daga Tudun Wada har Kawo, ba abin mamaki ba ne ka ga mitar wuta da sunan tsohon mai gida, ko layin waya da aka yi wa rajista da katin ƙanen uba. Kayan ɗan'uwa naka ne. To, 'yan'uwa, wannan sabon ku bar shi a filin jirgi, domin a Amurka yana kai mutum gidan yari, musamman in takardar ta yaro ce.

Yaron da aka haifa a can ɗan ƙasa ne, kuma ana ba shi lambar SSN, wato lambar shaida ta gwamnati da ake amfani da ita wajen aiki da haraji da bashi, mai alƙaluma 9, tun yana jariri. Uba kuwa ya sauka ba shi da tarihin biyan bashi, wataƙila ma ba shi da lambar kansa. Kamfanin wuta ya nemi kuɗin ajiya, mai gidan haya ya ce sai ya ga tarihi, banki ya hana katin bashi. A nan ne wani wanda ya daɗe a gari zai ce maka: "Sa lambar yaron mana, ai ɗanka ne." Fayil ɗin tarihin bashin yaro tas yake, shi ya sa abin ke wucewa da farko.

Doka ba ta san "ai ɗana ne" ba. Tun 1998 satar shaidar wani ta zama laifi na tarayya, a sashe na 1028 na kundin laifuffuka, kuma hukuncin na iya kaiwa shekara 15 idan abin da aka samu ya kai dala 1,000 cikin shekara guda. Bayar da lambar da ba taka ba don yaudara laifi ne daban, mai ɗaurin da ya kai shekara 5. In an yaudari banki da ita, zambar banki na ɗauke da ɗaurin da ya kai shekara 30 da tarar dala miliyan 1. Kowace jiha kuma tana da tata dokar.

Sashen da ya fi ba mu tsoro shi ne 1028A, na 2004. Idan an yi amfani da shaidar wani wajen aikata babban laifi irin zambar banki, alƙali dole ya ƙara shekara 2 a kan hukuncin, ba ya da ikon ragewa, ba ya haɗe su da na farko. A 2009 Kotun Ƙoli ta ce sai gwamnati ta tabbatar wanda ake tuhuma ya san lambar ta wani mutum ce na gaske. Wannan ya taimaki wasu da suka sayi lambar da ba su san mai ita ba. Amma uba zai ce bai san lambar ɗansa ba ce?

Ga baƙo, ɗauri ba shi ne ƙarshe ba. Zambar da asararta ta haura dala 10,000 tana cikin manyan laifuffukan da ake korar mutum saboda su, ko da yana da katin zama na dindindin. Yaro ya zauna, uba ya dawo Kaduna. Abin da ya fi ƙona mana rai kuma shi ne yaron kansa: ba ya ganewa sai ya kai shekara 18, ya nemi bashin karatu ko ɗakin haya, ya tarar da bashin da aka ci yana rarrafe, kuma wanke sunansa kan buƙaci ya kai rahoto.

"Aron yaro" a lokacin haraji shi ma tarko ne. Wani zai ba ka 'yan daloli ya sa ɗanka a takardarsa don samun rangwame. Hukumar haraji ta IRS na ganowa in lamba ta fito sau biyu, kuma in ta tabbatar da zamba tana hana mutum rangwamen har shekara 10.

Hanyar halak tana nan. Wanda bai cancanci SSN ba yana neman lambar haraji ta ITIN da fom W-7. Akwai katin bashi na jingina, inda kake ajiye kuɗinka, ka riƙa kashewa kana biya, tarihinka ya ginu da sunanka.

Katin SSN na yaro kuwa ya zauna a gida, kada a yawo da shi a walat, kada a tura hotonsa ta WhatsApp ko da dangi ne suka tambaya daga gida. Tun Satumban 2018 iyaye na iya kulle fayil ɗin bashin yaron da bai kai shekara 16 ba, kyauta, a kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi, wato Equifax da Experian da TransUnion. Kowanne sai an rubuta masa daban, da kwafin takardar haihuwa, da katin yaron, da shaidar iyaye. In wasiƙar masu karɓar bashi ta zo da sunan yaro, ku kai rahoto a shafin gwamnati na IdentityTheft.gov, ku kira kamfanin da ya ba da bashin a rufe asusun, ku nemi shaida a rubuce.

Wanda kuma ya riga ya yi amfani da lambar, ya daina yau, kada ya amsa laifi ko ya sa hannu a wata takarda kafin ya ga lauyan da ya san shari'ar laifi da ta shige da fice duka biyu. Yana da ikon yin shiru gaban masu bincike har lauyan ya iso.