Yadda ake farfaɗo da tsohuwar bindigar gado ba tare da an ɓata ta ba

Bindigar kakanmu ta daɗe a ƙasan adakar kayan Inna a gidanmu na Garwa a Kamaru, ƙaramar nan ta Faransawa mai ɗaukar harsashi 6, ƙirar 1892, tsatsa ta ci ta har kunamar bata motsi. Ga yadda na bi da ita.

Farko ka ɗauka akwai harsashi ciki, bakin ya kalli ƙasa sannan ka buɗe ka duba. In kuma irin ta ɗurawa ta baki ce kamar ta 'yan bindigar lamido a hawan sallah, zura sanda cikin bututun kayi alama, ka fito da ita ka gwada ta waje, in bata kai ƙarshe ba toh akwai abu ciki, kuma albarushi baya mutuwa don ya tsufa, kai ta wajen wanda ya san aikin kawai.

Kafin ka kwance ko kusa ɗaya ɗau hoto da waya. Cire katakon mariƙin ka aje gefe, ƙarfen ka jiƙa shi a kananzir kwana 2 ko 3, kusar da ta ƙi juyawa ƙara mata kwana kar kayi mata ƙarfi, ni haka na murje kan wata har yau tana bani haushi. Sai ka goge da soson ƙarfe mafi laushi da man keken ɗinki, a hankali. Dan Allah banda sanfefa, banda ruwan tsami ko lemun tsami, baƙin nan na jikinta zasu ɗauke, kuma shi ne darajarta. Katako tsumma da ɗan man lin (linseed, man shafa ma katako) ya ishe shi.

Yanzu duba lambobin jikinta. Tamu lambar wurin harsashin daban da ta gangar jiki, kaga wani ya taɓa haɗa ta da kayan wata. Irin waɗannan da hannu aka daidaita kowacce, in ramin harsashi bai saitu da bututu ba a hannunka zata iya fashewa, shi yasa da ƙanina yace mu gwada nace wlh ba dani ba.

Maganar takarda kuma, kar ka ɗauka dokar makamai ta Kamaru ta 2016 ta ƙyale ka don ta gado ce, je wajen hukuma ka tambayi yadda za'a yi mata izini kafin jandarma su gan ta a bangon falo. Shafa mata mai kafin damina, kar ka naɗe ta a leda, gumi take yi ciki.