Masu fara yoga, minti biyar ya ishe ku

Jama'a, ga shawara ga mai son fara yoga, wato atisayen miƙe jiki da sarrafa numfashi, da kuma zaman nutsuwa.

Saita agogon wayarka a minti biyar, ka zauna kan tabarma, ka ƙirga numfashi daga ɗaya zuwa goma. Kada ka sayi shimfiɗar roba ko ka biya kuɗin manhaja tukuna.

Yawancin masu farawa suna zaton kai zai yi tsit, babu tunanin komai. Ina! Kafin ka kai huɗu, kuɗin cefane ya faɗo maka a rai, ga bashin mai shago. Ba komai. Da ka farga, koma ɗaya. Wannan komowar ita ce atisayen. Mai jiran kansa ya zama fanko, sati ɗaya zai yi ya watsar.

Haka ma miƙe jiki. Waɗanda kake gani a Instagram sun ɗora ƙafa a bayan wuya, shekaru suka kwashe suna yi, wasu tun suna yara. Jiki ba ya sakewa da gaggawa. Sunkuya iya inda za ka ji ya ɗan ja, numfashi na tafiya daidai, ka tsaya nan. In ka ji zafi a gwiwa, bari.

Amma fa kada ka gwada bayan ka ci tuwo, barci kawai za ka sha.

Mai juna biyu, mai hawan jini ko ciwon baya, a tuntuɓi likita kafin salon da ake kifa kai ƙasa. Wanda damuwa ta yi wa yawa kuma, zaman shiru na iya ƙara dagula masa tunani, gara ya fara da asibiti.