Kyanwarki na warin baki? Mayar da Panadol ɗin nan tukuna

A wata guda mutum uku suka kira ni kan magana ɗaya: bakin kyanwa na wari, me za a ba ta? Ta ƙarshensu 'yar maƙwabciyata ce a nan Shari'a Mansur, wato titin Mansur da ke Makka, kuma lokacin da ta bugo har ta ɓallo ƙwaya daga fakiti, tana tambaya, "Inna, rabi zan ba ta ko kwata?" Na ce, "Ke 'yar nan, ajiye, ga ni nan zuwa." Na zura abaya na fita da silifa wari da wari. Shekara 14 ke nan ina kiwon kyanwoyi a Makka, kuma bakina ya gaji da maimaita karatu ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Abin da ya sa na fita a guje shi ne na taɓa kashe muzuru da hannuna. Bawa sunansa, baƙi wuluk mai farar wuya. Bakinsa ya fara ɗoyi, yana dalalar da miyau, in ya zo gaban kwano sai ya ɗauki loma ya karkata kai ya yar. Na gane haƙori ke damunsa, kuma gaskiyata ce. Sai na yi masa abin da nake yi wa kaina in haƙori ya tashi: na raba Panadol mai miligiram 500 gida biyu, na daka rabi, na cuɗa da kifi na ba shi bayan isha'i. Har ina jin daɗi wai na taimaki bawan Allah. Da asuba na same shi a bayan firji, fuska ta kumbura suntum, tafin ƙafafu ma haka, yana haki baki buɗe. Na ɗaga leɓensa, dasashin da na sani jajaja ya koma kalar ƙasa kamar gahawa. Likitan dabbobin da na kai wa ya yi iya yinsa, amma Bawa bai ga magariba ba.

Likitan ne ya yi mini bayanin da ban manta ba. Hantar mutum tana da hanyar sarrafa farasitamol ta fitar da shi, ta kyanwa kuwa ba ta da isasshen sinadarin da ke wannan aikin. Sai maganin ya rikiɗe ya zama guba, ya ɓata jini har ya kasa ɗaukar iskar numfashi, ya kuma taɓa hantar. Dabbar tana shaƙar iska amma tana shaƙewa daga ciki. Babu rabi, babu kwata, babu na yara mai ruwa. Brufen ma haka, shi ƙoda da ciki yake ci. Akwai makarin farasitamol a wurin likita, sai dai a sa'o'in farko yake da amfani, don haka in aikin gama ya gama, a ɗauki kyanwar da fakitin maganin a fita a daren, kada a ce sai gari ya waye. Kuma don Allah a daina tambayar mai saidaliyya, wato mai kantin magani. Shi maganin mutane ya karanta.

Kuskure na biyu ya fi yawa, kuma ya fi ba ni haushi domin masu tsafta ne ke yin sa: ɓoye warin. Mu nan mutanen turare ne, da hanci ya ji abin da bai so sai a jawo kasko. Na ga wadda ke turara kyanwa da bakhur, na ga mai ɗiga mata man kanumfari a dasashi, na ga mai goga mata man goge bakin yara. Wani dattijo ma aswaki ya tauna ya cusa mata, wai ai sunna ce. Na ce, "Baba, sunnarka ce kai, ita ba a ɗora mata ba." Man kanumfari guba ne gare ta. Man goge bakinmu yana da fuloraid, mu muna tofarwa, ita haɗiyewa take. Hayaƙin turare kuwa tari da fuka yake tayar mata, musamman a ɗakin da aka rufe ruf aka kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki.

Ni warin nan ba na so a kashe mini shi, domin da shi nake karanta ciwo. In ɗoyin ruɓa ne, mafi yawa haƙori ne ko dasashi. In kika ji zarni kamar na fitsari yana fitowa daga baki, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga rama, to tunaninki ya tafi kan ƙoda, balle in kyanwar ta kwana biyu a duniya. In kuma wani zaƙi-zaƙi kike ji kamar ruwan goge farce, tana ci tana ramewa, ciwon suga ake zargi. Goggona a Jidda ta yi wata huɗu tana yi wa tsohuwar kyanwarta faɗa wai ta cika ƙazanta, tana canja mata abinci, tana wanke mata baki da ruwan gishiri. Ranar da na je na sunkuya na shinshina, zarni ya bugi hancina. Gwajin jini ya nuna ƙodar ta yi nisa. Ciwon ƙoda ba ya warkewa, amma in an kama shi da wuri ana lallaɓa shi da abinci na musamman da ruwa a ja shekaru. Goggo ta sami wata biyu kawai.

Mutane da yawa ba su taɓa leƙa bakin kyanwarsu ba, alhali ba sai an buɗe shi ba. Ki bari ta ci ta ƙoshi ta kwanta a cinyarki, ki sa babban yatsa ki ɗaga leɓen sama ta gefe. Babbar kyanwa haƙora 30 gare ta, kuma matsalar ta fi zama a na can baya. Abin da kike nema shi ne kanta mai ruwan ɗorawa ko kalar ƙasa a gindin haƙori, da jan layi inda dasashi ya haɗu da shi, da gyambo a harshe. Kantar nan ragowar abinci ce da ƙwayoyin cuta, cikin 'yan kwanaki take sandarewa ta zama kamar dutse. Kada ki kankare da farce ko tsinke, na saman kawai za ki cire, mai ɓarnar yana ƙarƙashin dasashi. Wannan aikin likita ne, kuma sai da allurar barci. Na san ana tsoron allurar, ni ma na yi kuka ranar farko. Ki ce a fara gwada jininta. In an ce sai an cire haƙori, a cire. Ina da wadda aka cire wa bakwai, yanzu ita ke korar sauran daga kwano.

Likitoci cewa suke a goge kullum. Ni dai ba zan yi ƙarya ba, sau uku nake yi a mako. Shash, wato ƙyallen ɗaure ciwo, nake naɗawa a yatsa, in lakato man goge bakin kyanwa mai ɗanɗanon kaza, in shafa ta waje kawai, minti guda bai cika ba. Buroshi ban taɓa yin sa'a da shi ba. In dasashin ya riga ya yi ja yana jini, ba na taɓawa, azaba ce kawai, kuma daga ranar ta daina yarda da hannunki.

Abinci kuwa, a daina juye mata ragowar kabsa, wato shinkafa da nama irin ta Larabawa. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa mata ƙwayoyin jini a hankali, shinkafar kuma ba cimarta ba ce, ita maciyar nama ce. Ƙashin soyayyar kaza yana tsagewa ya maƙale a ganɗa, ya ruɓe, ga wari. Madara zawo take sa yawancin manya. Kifin tuna na gwangwani na marmari ne, ba na kullum ba. Busasshen abincin leda da ake cewa yana wanke haƙori, ni ban ga wankin ba, nawa haɗiye shi suke ɗungurungum. Ina haɗa musu da mai laima saboda zafin garin nan, kuma kwanon ruwa uku nake ajiyewa, nesa da kwanon abinci da wurin ba-haya.

Kada a goge tayil da Dettol a bar ta ta taka, za ta lashe ƙafa. Maganin ƙuma na kare yana sa kyanwa jijjiga har ta mutu. Zaren ɗinki a ɓoye shi, in kin ga ya naɗe a ƙarƙashin harshe kada ki ja. Wadda aka tsinto a titi, kuma Makka ba ta rasa su, a keɓe ta mako biyu kafin ta haɗu da na gida. Rigakafi ana farawa tun tana mako shida zuwa takwas, a maimaita har ta kai mako 16, kuma cikin abin da yake karewa akwai murar da ke fesa musu gyambo a harshe. Kyanwar da ta yi kwana biyu cur ba ta ci komai ba, ba yanga take ba, hantarta na cikin haɗari. Muzurun da ke tsugunawa yana yunƙuri fitsari bai fito ba, wannan ko ƙarfe biyun dare ne a nemi likita.

'Yar maƙwabciyar tawa kuwa, da na isa na karɓi kyanwar na ɗaga leɓe, sai ga fiƙa biyu jere a gefe ɗaya, sabuwa ta ɓullo tsohuwa ba ta faɗi ba. Na tambayi watanninta, aka ce biyar. Famfara take yi, haƙoran nono 26 ne ke zubewa, kuma ɗan warin kan wuce da kansa in ta kai wata shida ko bakwai. Na ce ta riƙa dubawa duk Juma'a, in tsohuwar fiƙar ta ƙi faɗuwa a kai a cire. Fakitin Panadol ɗin kuma na jefa a jakata na taho da shi.